Tsinken da Mama Ta Karya

A gidanmu ba a taɓa sayo wa yaro takalmi da lamba ba. Idan Kirsimeti ta matso, Mama takan zaro tsinke ɗaya daga tsintsiyar kwakwa, ta sa ka tsaya a kan siminti, ta auna daga diddige zuwa babban yatsa, ta karya. Tsinken nan shi ake ba duk wanda zai je birni. In takalmi ya iso kuma ba ta yar da shi. Tana da wani tsohon gwangwanin madara a kan durowarta, nan take tara su, kowanne da zaren da ta ɗaura masa: nawa ja, na wana baƙi, na ƙannenmu mata fari da ruwan ɗorawa. Tun ina sakandare abin yake ba ni kunya, don ni a lokacin gani nake duk abin da ba a rubuta da lamba ba ƙauyanci ne.

Shekarar da Babbar Sallah da Kirsimeti suka zo kusa da juna, aka ɗauki wana aikin soja. A Zuru wannan ba abin mamaki ba ne, kusan kowane gida a layinmu akwai hoton mai kaki a bango, har da na marigayi babanmu. Aka ce a makon farko na sabuwar shekara zai tafi Zariya horo. Da ya karanta wa Mama takardar, sai ta ce Allah ya sa albarka, ta tashi ta shiga madafa ta daɗe ba ta fito ba. Ni kuwa da na lissafa, sai na ga mako shida ya rage mana.

Akwai alkawarin da ke tsakanina da shi. Shekara uku muna zuwa wani shagon gem kusa da tasha, muna buga wasan ƙwallo a kwamfuta. Ka zauna a benci ka jira layi, in ka samu kuma ana tsakiyar wasa mai shago ya miƙo hannu ya ce lokaci ya cika. Ba mu taɓa kai gasar kofi ƙarshe ba, ko sau ɗaya. Shi ya sa muka ce sai mun haɗa tamu a gida, mu buga kofi daga farko har ƙarshe ba mai kashe mana. Yanzu ga shi zai tafi, kuma na san wanda ya shiga kaki ba ya ƙara zama na gida kamar da.

Muna da abu biyu a hannu: monita, da akwatin kwamfuta wanda ba komai a cikinsa, da muka samo daga wani shagon buga takardu da ya rufe. A daminar nan kuma mun yi noman dawa a gonar babanmu da ke Manga, Mama ta ce abin da ya haura abincin gida namu ne, mu sayar mu yi kuɗin kayan. Sauran kayan ciki ne babu su a Zuru, sai Legas. Mutum ɗaya muka sani mai zuwa can, wato Kawu, wan Mama. Shi Musulmi ne, yana zaune a Mahuta, kuma sau ɗaya yake kai raguna Legas a shekara, gab da layya. Tafiya ɗaya ke nan. In abu ɗaya ya zo bai dace ba, to sai dai wana ya tafi ya bar akwati a buɗe.

Mako biyu na yi ina zarya zuwa kafe, shagon intanet, inda shafi ɗaya kan ɗauki lokacin shan koko kafin ya buɗe. A nan na gane cewa kayan kwamfuta ba a haɗa su da ganin ido. Akwai madabod, babban faifan da komai ke zama a kansa. Akwai farosesa, ƙwaƙwalwar injin, wadda dole mazauninta ya zama irin na madabod ɗin, in ba haka ba ko da guduma ba za ta zauna ba. Ram ma, mai riƙe wa injin aikin da yake kai, iri-iri ce. Amma ni abin da ya tafi da hankalina shi ne katin hoto, wanda ke zana 'yan wasa da ciyawar fili. Na so mu zuba duk kuɗin a kansa. Wana ya ƙi. Ya ce sai an sa sitabilaiza saboda wutar garinmu mai hawa da sauka, da ƙarin fanka saboda zafin bazara, da fad biyu masu kyau na riƙewa a buga.

"Kai so kake ka ga gumin ɗan wasa," in ji shi. "Ni so nake injin ya kai baɗi."

Muka yi ta jayayya har na yi fushi na ƙi cin tuwo, ba kuwa wanda ya cutu da hakan sai ni. A ƙarshe shi ya yi nasara, na rage buri na zaɓi kati matsakaici. Na zauna na rubuta komai da manyan baƙaƙe, suna da lamba, shafi biyu cur. Ina alfahari da takardar nan fiye da sakamakon jarrabawata.

Ranar da Kawu ya biyo ta gidanmu zai wuce, na miƙa masa ita da hannu biyu. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Kawu yana karanta ajami, kuma in ya dubi rago sau ɗaya ya san shekarunsa, amma ba abin da ya taɓa haɗa shi da boko.

"To, malamin takarda," ya ce, "in na tahi anka ce babu wanga, mi zan yi?"

Na ce masa kada ya damu, ya dai miƙa musu takarda, su sun sani.

Mama tana gefe tana tsince wake. Sai ta ajiye faranti ta tambaye ni wanne ne ya fi girma a cikin kayan, kuma ina zai zauna. Na nuna mata wurin katin hoto a cikin akwati, daga bangon baya zuwa wani ƙarfe da aka like don riƙe had dis, ma'ajiyar wasannin. Kafin in rufe baki ta zaro tsinke daga tsintsiya, ta sa a wurin, ta karya, ta ɗaura masa koren zare.

"Mama, wannan fa ba takalmi ba ne," na ce.

"Ba shiga zai yi ba?"

"Shiga zai yi."

"To."

Kawu ya karɓi tsinken da mutunci fiye da yadda ya karɓi takardata, ya soke shi a cikin naɗin hularsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina ta hango masu shagon Legas suna dariyar mutumin Zuru da ya zo sayen kwamfuta da tsinken tsintsiya.

Bayan sallah da kwana uku ya dawo, a bayan ɗan acaɓa, rungume da kwali mai warin raguna. Muka baje kaya a tabarma ina dubawa da kwafin takardata. Madabod daidai, farosesa daidai, ram da fanka da fad duk daidai. Da na zo kan katin hoto, sai na ga lambar ba tawa ba ce.

Kawu ya yi bayani yana shan ruwa. Wanda na rubuta ya ƙare a kasuwa. Mai shago ya fito masa da guda biyu, ya ce duk za su hau madabod ɗin. Ɗaya ƙato ne mai fanka kamar murfin tukunya, an ɗan yi amfani da shi a Turai, kuma ya rantse ya ninka nawa ƙarfi, ba kuma sai an ƙara komai ba. Ɗayan ƙarami ne, sa'an wanda na rubuta. Kawu ya gwada kiran mai wayar haya ta bakin layinmu, ba ta shiga ba.

"Sai na hiddo tsinke na aza," ya ce. "Babban ya wuce shi da yatsa ukku. Yaran shagon sunka taru suna dariya, ni ko na ce a naɗe mani ƙaramin."

Da ya faɗi yadda babban yake, na gane shi. Shi ne wanda na yi mako biyu ina kallon hotonsa a kafe kafin wana ya sa na haƙura. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, a gaban kowa, an ba mutum doki ya zaɓo jaki saboda tsinke. Wana ya take mini ƙafa. Mama ta dube ni irin duban da ya fi mari. Kawu dai dariya ya yi, ya ce a kawo masa buta.

Washegari da hantsi muka zauna haɗawa. Wana ne mai riƙe sukundireba. Muka ɗaura madabod, muka zaunar da farosesa, muka danna ram har ta yi ƙas. Da aka zo kan kati, ya shiga lafiya, amma tsakanin ƙarshensa da ƙarfen nan na had dis, ɗan yatsana ɗaya ne kawai ya iya ratsawa. Wana ya ɗauko tsinken daga kwali, ya ɗora yatsunsa uku a bakinsa, ya kara a wurin. Yatsun suka hau kan ƙarfe. Da babban aka kawo, da sai dai mu kai akwati wurin mai walda ya yanka, ko mu zauna muna kallon kati a hannu har ranar tafiya.

Kawu yana ƙofar gida yana shirin komawa Mahuta. Na je na durƙusa na ba shi haƙuri, ina jin kunnuwana suna zafi.

"Tashi, ɗana," ya ce. "Ni ban san kwamfuta ba. Na dai san ƙanwata ba ta taɓa aikena na sawo abin da bai shiga ba."

Da la'asar aka kawo wuta. Na danna maɓalli, fanka ta juya, injin ya yi ƙara ɗaya, rubutu ya fito a monita. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Ba a ganin gumin kowa a katin nan, amma ciyawa koriya ce shar, kuma ƙwallo ba ta tsayawa a hanya.

Kwana goma sha ɗaya muka samu. Duk sa'ad da aka kawo wuta, ko me muke yi sai mu yar mu ruga ɗaki. In an ɗauke, mu zauna a wurin muna gardamar wanda ya kusa ci. Ƙannenmu suka rabu biyu, kowa da gwaninta. Mama takan tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu ta tambaya wanne ne ni, in an nuna mata ta ce, "Me ya sa naka yake yawan faɗuwa?" Ana jibi zai tafi muka kai wasan ƙarshe, ya ci ni biyu da ɗaya, ya ɗaga kofi a monita, ya kuma ɗaga kofin shayin Mama a tsakar gida yana zagayawa. Na ji haushi, amma ba mai yawa ba.

Safiyar tafiya, ya rataya jaka ke nan Mama ta ce ya cire silifas ya tsaya a siminti.

"Mama, can za su ba mu takalmin but," ya ce.

"Na sani. Soja na aura."

Ta durƙusa ta auna, daga diddige zuwa babban yatsa, a hankali fiye da yadda ta saba. Ta karya tsinken ta ɗaura masa baƙin zare. Ya mayar da silifas muka fita.

Da na dawo daga raka shi tasha, gidan ya yi mini faɗi. Na shiga ɗakin Mama neman ashana, sai na ga gwangwanin madara a buɗe. Ga sabon tsinken wana a ciki, ga namu na shekaru, ga kuma mai koren zare a tsakiyarsu. Na ɗauko shi na ce mata wannan ai na kwamfuta ne, ya ɓata hanya.

"Mayar da shi," ta ce. "Shi ya zaunar min da ku wuri ɗaya kwana goma sha ɗaya ina jin muryarku."

Na mayar da shi, na rufe gwangwanin.