Ranar da Alhaji Ya Kai Mu Bakin Teku Neman Ƙuri'a

Har yau ban yafe wa mutumin nan ba. Muna ce masa Alhaji don ya girme mu. A Amurka muke zaune. Gidansa yana Summerfield, cikin masu dawakai da manyan filaye, ni kuwa ina East Greensboro ina aikin kula da tsofaffi. Shekarar da na samu takardar zama 'yar ƙasa kakar zaɓe ta zo, sai ya tare mu bayan sallar Juma'a ya ce yana yi wa wani ɗan takara kamfen a wata mazaɓa ta bakin teku, yana neman masu bi gida-gida. Ba mazaɓarmu ba ce, amma ya ce taimakon al'umma ne. Ina cikin ɗokin zama mai ƙuri'a, na ce zan je.

Mu shida muka shiga motarsa ranar Asabar da sassafe. Tun a hanya ya fara rarraba mana mutanen mazaɓar kamar mai jera kaya a kanti.

"Kashi uku ne," in ji shi. "Akwai tsofaffin Turawa da suka yi ritaya suka sayi gidaje a gaɓa, su 'yan ofishin kamfen za su same su. Akwai masunta, kada ku ɓata lokaci a kansu, ba namu ba ne. Sai baƙaƙe na cikin gari. Su namu ne, sai dai ba sa fitowa zaɓe. Can zan kai ku. Da sun ga fatarku magana ta ƙare."

Na ce, "Alhaji, in sun tambaya me ɗan takarar zai yi masu, me za mu ce?"

"Hajiya, wannan ba aikinki ba ne. Ki miƙa takarda ki yi murmushi. Kuma hijabin nan da kin mayar da shi ɗankwali, kada ki tsorata mutane."

Ban cire ba.

Ya sauke ni a wani titi mai ƙananan gidajen katako, ya ba ni jerin lambobin gidaje. Ƙofar farko wata tsohuwa ce ta buɗe, baƙa, doguwa, tana dogara sanda. A bangon bayanta akwai tabon ambaliya da ya kai ƙugun mutum. Na yi gaisuwa na miƙa takardar. Ba ta karɓa ba.

"Wa ya aiko ki?"

Na faɗa mata.

"Daga ina kike?"

Na ce Greensboro. Ta yi wata dariya mara daɗi.

"Kin san sunan titin da kike tsaye a kai?"

Wallahi ban sani ba. Na duba takarda ina nema, tana kallona.

Ta ce sau biyu ana jan layin mazaɓa ta kan unguwarsu, yau a haɗa su da wannan gari, gobe da wancan, don a raba ƙuri'unsu kada su yi nauyi. Ta ce magudanar bayan gidanta ta toshe tun guguwar da ta wuce, babu wanda ya leƙo. Sannan ta nuna jerin da ke hannuna da sandarta.

"Ban taɓa fashin zaɓe ba. Duk wanda ya ce maki ba ma fitowa maƙaryaci ne. Sun rasa ɗan garin nan da za su turo, sai suka ɗauko baƙar fuska daga nesa. Ki sauka min daga baranda."

Na sauka. Sauran gidajen ma ba su fi haka ba. Wani ya karɓi takardar ya jefa a kwandon shara a gabana. Ban ga laifinsu ba. Duk ƙofar da aka rufe min, haushin Alhaji ne yake ƙaruwa a raina.

Da azahar ya kwashe mu ya kai mu inda jiragen masunta suke, ya ce mu jeru a ɗauki hoto. Wani Bature mai gyaran koma ya daka mana tsawa mu bar masa wuri. Alhaji ya yi kamar bai ji ba, ya ɗauki hotonsa. Ina kusa da shi na ga abin da ya rubuta a ƙasa kafin ya tura wa ofishin kamfen: wai ga 'yan Afirkansa ya kawo.

Na ce, "'Yan Afirkan wa?"

"Hajiya, haka ake siyasa."

"Ka goge ni daga hoton nan. Ka kawo mu ne ka nuna wa iyayen gidanka kana da mutane. Matar da ta kore ni ta fi ka sanin mazaɓar nan, kai ko ƙofa ɗaya ba ka ƙwanƙwasa ba, kana cikin mota da na'urar sanyi."

Ya ce ba ni da kunya, ya girmi mijina. Na ce girman ya tsaya a shekaru. Sauran suka yi ta ba ni haƙuri, wata 'yar Nijar tana jan hannuna. Na koma kujerar baya, na ƙi sake fita har muka juyo gida.

Ɗan takarar ya faɗi. Washegari Alhaji ya tura saƙon murya a zaurenmu na waya yana cewa laifin baƙaƙen ne da suka yi kwance a gida. Na mayar masa da nawa, na faɗi abin da tsohuwar ta ce kalma-kalma. Kafin la'asar ya cire ni daga zauren. Matarsa ta daina amsa gaisuwata a wurin suna, ni ma na daina yi.

Da wani zaɓen ya zagayo ya sake zuwa masallaci neman mutane. Na bi matan ɗaya bayan ɗaya na ba su labari. A wannan karon mace ko ɗaya ba ta shiga motarsa ba.