Dokin Majigi

Baba dillalin dawaki ne a kasuwar Lolo kafin idonsa ya tafi. Ni kuwa na ƙi sana'ar, na kama safarar busasshen kifi zuwa Dahomey. Shekara biyu ban da amsa gaisuwa babu abin da ke haɗa mu, abin yana cin raina ƙwarai.

A can Dahomey na fara shiga silima. Faransanci ake yi, ko kalma ban ji, don haka in na dawo gida Lolo sai in ƙaga abin da aka ce. Wata rana ina ba ƙannena labari, na ji Baba ya jawo buzunsa kusa.

Shi ya zama alƙalinmu. Fim ɗin gawar da ke tashi daga kabari, ya ce wannan ba a yi mata sallah ba ne. Na mutanen da suka sauko daga sama cikin faifai, ya ce aljanu ne suka samu kwano. Na baturiyar da ke kukan miji kuwa, barci ya yi abinsa.

Amma kaboyi! Ranar da na ce dokin jarumin fari ne, sai da ya kai mini sanda. Wai ɗan dillali ya ce fari, bai san ana ce wa farin doki kili ba? Dole na koyi bambanta launukan dawaki irin su akawal da danda da bidi a hoton da ba shi da launi, har da yadda kowanne ke ajiye ƙafa. Wallahi na fi kallon kofato da fuskar mutane.

Lokacin bikin samun 'yancin kai motar majigi ta zo Lolo da fim ɗin kaboyi. Na riƙo hannun Baba har gaban farin ƙyallen da ake haska fim, ina tunanin yau zai san yawan abin da nake ƙarawa.

Dawakai suka ɓarke da sukuwa. Baba ya karkata kunne, ya daɗe, sannan ya ja tsaki.

"Wanga ba kofato ba ne. Ƙwarya aka bugawa."

Na ja shi muka kama hanyar gida. Muka kai bakin zaure. Ya matse mini hannu.

"Kak ka sake kai ni. Naka dawakin sun fi rai, ɗana."

Rabon da ya kira ni haka, tun ranar da na fara ɗaukar kwandon kifi.