Najmuddeen Mai Cewa A Dawo

Najmuddeen ɗan Gammo ne, shi ke kula da sabar imel, wato na'urar da ke karɓar saƙonni, ta wata kwaleji a Gwarzo. Aikinsa ya iya shi, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Da saƙonnin 'yan damfara suka addabi malamai, sai ya kafa wa sabar doka: duk saƙon da ya zo daga baƙon wuri, a ce masa ya je ya dawo. Na gaskiya zai sake zuwa, na damfara ba ya waiwayowa. Shara ta ragu, aka yi ta sa masa albarka, kansa ya ƙara girma.

Amma mutumin akwai riƙo, Allah ya kyauta. Shekarun baya ya je Madadi neman auren Sa'ada, mahaifinta ya ce ya dawo bayan girbi, kamar yadda ake gaya wa kowane manemi. Gogan ya ɗauka wulaƙanci ne, bai sake taka garin ba.

Sa'ada kuwa malama ce yanzu a kwalejin. Ta samu gurbin ƙaro karatu, a ranar ake rufe rajista, kuma sai an turo mata lambar shiga ta imel ɗin kwaleji. Lambar ba ta jimawa take mutuwa. Sabar ta riƙa korar saƙon, kafin ya dawo lambar ta mutu. In ta nemi sabuwa, sai ta fito daga wata na'urar daban, sabar ta ga baƙuwa ce, a sake korarta.

Ta same shi a ofis, ta gaishe shi har da rusunawa.

"Malam Najmuddeen, don Allah ka buɗe wa adireshin nan hanya."

Layi ɗaya zai rubuta a sabar, hanya ta buɗe. Ya ji daɗin ganinta a tsaye, daɗi ƙwarai, har ya gyara zama.

"Malama, doka ce. In na gaskiya ne zai dawo."

Ta koma, ta dawo, ta sake dawowa, yana ta danna waya. Da la'asar aka rufe rajista. Sai ga saƙonnin sun shigo a jere, duk matattu.

Ta tsaya a bakin ƙofa, idonta a bushe.

"Na ji dokarka. Baba ma cewa ya yi ka dawo. Har aka gama sussuka ina shimfiɗa tabarma a zaure."

Ya buɗe baki, ta riga ta juya. Ya rubuta layin nan bayan tafiyarta, bai amfani kowa ba.