Volkmar Mai Saitin Nesa

A garinmu da ke bakin kogin Saale, kowa da masana'anta yake ci. In ba kai ba, to ubanka, in ba ubanka ba, matarka. Kyamara muke ƙera wa jiragen soja, irin wadda ake ɗaurawa a cikin jirgi ta leƙo ƙasa daga saman gajimare. Kuma muna da girman kai a kan haka, ba zan ɓoye ba. Sai ka ga mutum bai taɓa shiga jirgi ba, bai taɓa ganin ko hoto ɗaya da kyamarar ta ɗauko ba, don sirrin soja ne, amma in ya shiga bas yana yi wa masu gasa burodi kallon sama da ƙasa.

Volkmar Thieme ya fi mu duka wannan ciwo, kuma shi da bakinsa yake faɗa. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya shiga masana'anta, bayan yaƙin duniya na biyu da shekara ɗaya, lokacin rabin rufin ma babu. Ya yi share-share, ya yi goge gilashi, a hankali har ya kai benci na ƙarshe, inda kowace kyamara ke bi kafin a sa ta a akwati.

Ga yadda aikin yake. Jirgi ba ya ɗaukar abu na kusa, mafi kusa da shi yana can ƙasa, kilomita biyar ko fiye. Saboda haka idon kyamararmu saiti ɗaya gare shi: nesa, ƙarshen nesa. Volkmar zai ɗora ta gaban wani dogon bututu, ya kanne ido ɗaya, ya riƙa murza zobe a hankali har ɗan gicciyen hasken da ke cikin bututun ya fito tar. Sai ya ɗaure noti, ya ɗiga jan fenti a kai. Wannan jan ɗigo shi ne sa hannunsa, kuma duk wanda ya karya shi ya nemi rigima. Shekara talatin da biyu yana masana'anta, ba a taɓa dawo masa da ko guda ba.

A gida kuwa mutum ne marar hayaniya. Ya dawo, ya ci dunƙulen dankalinsa da miyar nama, ya ja kujera bakin taga wai yana hutar da ido. Matarsa Waltraud tela ce, mace mai baki, ita ke riƙe da gidan da 'yarsu guda ɗaya tal, Carola.

A shekarar 1978 Carola ta kawo miji, wani Detlef, makanikin injin jirgin ruwa a Rostock, can bakin teku, tafiyar yini guda a jirgin ƙasa. Aka sa biki watan Nuwamba. Waltraud ta zauna da takarda tana lissafa abin yi, ta ce, "Gobe zan biya wajen Seifert mai hoto, kada wani ya riga mu."

Volkmar ya juyo daga taga. "Seifert? Mai ɗaukar hoton fasfo?"

"Shi fa. Akwai wani ne?"

"Haba Waltraud! A gidana? Ni da kyamarata ke ƙirga motoci daga saman gajimare, a ce na ɗauko Seifert ya ɗauki 'yata? Da wane ido zan shiga ɗakin cin abincin masana'anta?"

"Da idon da ka saba shiga. Kai Volkmar, tsakaninka da Allah, ka taɓa ɗaukar hoto a rayuwarka?"

Bai taɓa ba. Ko kyamara ba shi da ita. A masana'anta an hana shiga da ita, a gida kuma yana ganin wasan yara ne. Amma ya ce, "Wanda ya ƙera mota ne za a koya wa zama a cikinta?"

Da an bar su su biyu, Waltraud ce za ta ci. Sai Carola ta sa baki. Ta ce, "Mama, ki bar shi. Ban taɓa roƙon Baba komai ba. Ina so wata rana in nuna wa 'ya'yana in ce kakanku ne ya ɗauka."

Waltraud ta dube ta, ta dube shi, ta soke sunan Seifert da ƙarfi har biro ya huda takardar. Ta ce, "To ku ji da kyau. Rigar amarya ta aro ce, ranar Litinin za a mayar. Biki sau ɗaya ake yi. Ba wani mai kyamara da zai zo. In ka ɓata, ka ɓata ke nan."

Wajen Lothar ya ari kyamara, abokin aikinsa, wanda ke ɗaukar hoton jikokinsa duk Lahadi. Wata 'yar ƙarama ce mai tagar leƙe a sama. Lothar ya sa masa fim mai ɗauka talatin da shida, ya ce, "Oga, na buɗe idon sosai saboda hadari, na sa maka saiti a mita uku. Ka yi taku huɗu baya, ka leƙa, ka danna. Don Allah kada ka taɓa komai."

"Lothar, ni kake koya wa?"

"Ni na isa? Cewa dai na yi kada ka taɓa."

Da safiyar biki, mata na can suna fama da gashin amarya, Volkmar ya zauna a kicin ya ciro kyamara ya duba ta, kamar yadda yake duba kowace. Nan take ransa ya ɓaci. Zoben saiti yana tsakiyar hanya, bai kai ƙarshe ba, kuma sakwaf yake, ko yaro ya taɓa sai ya motsa. Ya yi tsaki ya ce a ransa, dubi aikin Lothar, shi ya sa har yau bai wuce benci na uku ba. Babban yatsansa ya murza zoben har ƙarshe, wajen alamar nan ta ƙarshen nesa mai kama da takwas a kwance, inda ya saba kai kowane zobe tun yana saurayi. Ya lallaɓa ɗaki ya ɗauko jan farcen Waltraud, ya ɗiga a kai, ya hura har ya bushe. Sai a lokacin hankalinsa ya kwanta.

Kai, ranar Volkmar ya sha mulki! A matakalar ofishin ɗaurin aure ya jera mutane kamar sojoji. "Ango, ɗaga haɓa. Waltraud, rufe baki. Inna, matso hagu." Ta 'yar tagar leƙe komai tar yake gani, don ita tagar ba ruwanta da saiti. Ya ɗauki sumba, ya ɗauki yankan kek, ya ɗauki Carola tana rawa da kakarta mai shekara tamanin da ɗaya. Da amarya da ango za su shiga jirgin ƙasa washegari, Carola ta rungume shi ta ce, "Baba, kai da kanka za ka aiko min, ko?" Ya ce, "Ki sa ido a akwatin wasiƙa."

Abin haushi, duk garin mutum ɗaya ke wanke fim, Seifert. Bayan kwana goma Volkmar ya je karɓa. Seifert ya miƙo ambulan da hannu biyu, fuska ba dariya, ya ce, "Oga Thieme, shekara ashirin ina wannan sana'a, ban taɓa ganin an ɗauki bututun hayaƙin masana'anta da kyau haka ba. Sau goma sha tara."

Volkmar ya zazzage hotuna a kan teburin shagon. A gaba wasu dunƙule-dunƙule ne, fari da baƙi, kamar ƙullin da bai tashi ba. A baya kuwa, tsallaken kogi, ga bututun hayaƙi, kana iya ƙirga tubalinsa. Ga hankaka a kan hasumiyar coci. Ga wata mata a bene na huɗu tana shanya zanen gado. Na cikin zauren biki ma haka: mutane hayaƙi, amma ta taga ana karanta lambar wata motar kaya.

Ya sha faɗa mana cewa abin da ya fara zuwa bakinsa shi ne, "Kai, gilashin nan ba laifi." Sai da ya ji kansa ya faɗa, sannan ya nemi wurin zama, Seifert ya turo masa kujera.

Mu ma kada a yabe mu. Da labari ya iso ɗakin cin abinci, Lothar ya kawo hoto ɗaya, muka taru da gilashin ƙara girma. Wallahi minti goma muna gardama a kan tubalin, wani ya ce layi arba'in da biyu ake gani, wani ya ce da uku. Sai da mai zuba mana miya ta leƙo ta ce, "Wai ina amaryar?" sannan kowa ya kama cokalinsa.

Waltraud ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta fita, ta dawo da tikitin jirgin ƙasa ta ajiye kusa da farantinsa. Ta ce, "Ba za ka sa wannan a wasiƙa ba. Ita ta tsaya maka. Ka je ka dubi idonta."

Ranar Asabar ya tafi, ambulan a aljihun ƙirji, kyamarar Lothar a jaka don ya nuna wa Carola inda matsalar take, kamar wannan zai rage wani abu. Tun daga tashar Halle yake shirya jawabi a kan haske da hadari. Da ta buɗe ƙofa da murna tana cewa, "Baba! Ka kawo?" jawabin ya gudu. Ya miƙa mata kawai ya ce, "Na ɓata, Carola. Duka."

Ta zauna a teburin kicin tana ɗagawa ɗaya ɗaya. Detlef ya leƙa ta kafaɗarta, ya tuna yana da aiki a waje.

"Wannan farin abin ni ce?"

"Ke ce."

"Wannan kuma Kaka?"

"Ina jin ita ce. Ko labule."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta sa bayan hannu ta goge ido. Volkmar ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Kunya ya ji, da baƙin ciki irin wanda bai taɓa ji ba, don ya san ba za a sake ɗaura auren nan ba.

Can ta ce, "Ka zo da kyamarar?"

Ya ciro. Ya ce akwai sabon fim a ciki, ya saya ne don ya biya Lothar. Ta ga jan ɗigon, ta gane jan farcen uwarta, ta girgiza kai. Ta miƙo masa wuƙar yanka burodi. "Karya."

Tun da yake a duniya bai taɓa karya jan ɗigo ba. Ya kankare shi. Ta jawo awon tela daga aljihun tebur ta ce, "Ba na son taku huɗu. Mita ɗaya. Auna, tunda kai sai da awo."

Ya kafa bakin awon a idon kyamara, ya ja ɗaya bakin har kan hancinta. Yana duba lamba sai idonsa ya sauka a girarta ta hagu. Wani tabo ne fari, siriri, ya raba girar biyu.

"Me ya same ki a nan? Shi ne ya…"

"Detlef? Haba Baba. Keke ne ya kayar da ni, ina shekara tara. Ɗinki huɗu aka yi min."

"Ina ina?"

"Kana gida."

Ya tsaya riƙe da awon. Ta gyara gashinta, ta daidaita zama, ta dube shi.

Ya murza zobe zuwa mita ɗaya, ya kai ido tagar leƙe. Bai ga komai ba, ruwa ya cika masa ido. Ya ɗago ya goge da hannun riga, ya sake leƙawa.

Ta ce, "Ba sauri, Baba. Ina nan."