Abin da Na Ce wa Baba Na Gani

A kakar shekarar 1994, ranar da aka gama ɗaure geronmu a Miga, Baba ya sa na ɗauko masa madubin hangen nesansa muka nufi masussuka bayan sallar isha. Malamin firamare ne, kuma da hannunsa ya haɗa abin, da bututun roba da gilasan da wani abokinsa ya kawo masa daga Kano. Mutanen gari dariya suke masa, wai Malam yana leƙen abin da ba a aike shi ba. Ya yi shekaru yana kallon wani tarin taurari mai nisan gaske, wanda ba ya fitowa sosai sai damina ta wanke sama, kuma babu farin wata. A shekarar nan yanar ido ta ci ƙarfinsa, manyan taurari kaɗai yake gani dishi-dishi, da su ya saita bututun. Burinsa ɗaya, in gani da idona in faɗa masa abin yana nan.

Ni kuwa shekarata tara, na wuni ina tsintar zangarniya da ɗebo ruwa, ga muryoyin ƙawayena suna gaɗa a dandali. Ya ce in zauna cikin duhu tukuna idona ya saba. "Uwata, kada ki kalle shi kai tsaye, gefensa za ki kalla," in ji shi. Ina na ga wannan haƙurin! Na ɗora ido, baƙi ƙirin, na ce na gani. Ya tambaye ni yaya yake, na ce yana ƙyalli kamar fitilar mota. Sai Baba ya ce, "To, je ki wasanki." Na ruga da murnata, na bar shi yana naɗe bututun a tsohon zane. Bai ƙara fito da shi ba har Allah ya yi masa rasuwa bayan damina biyu.

Yanzu a unguwar Takur nake, cikin birni, inda fitilu suka cinye rabin sama. Sai da na haura talatin na koma masussukar da madubin aro, na zauna yadda ya ce, na kalli gefe. Ga shi nan, ɗan fari-fari kamar gari ya zuba a baƙin zane, ba ƙyalli ko kaɗan. Ashe tun a wurin ya san ƙarya na yi masa, ya haɗiye abin a ransa. Na yi kuka har na gaji. Na gani, Baba, amma na makara.