Ministan Holan Ya Ja Mini Asarar Keke

"Wallahi keken nan ba zai ƙara fita ba!" Da haka Umma ta tare ni jiya a ƙofar gidanmu a unguwar Nuzla.

Ranar Juma'a kawunnaina za su je unguwar Bani Malik nema mini aure, kuma ba ta so dangin yarinyar su ji a keke nake zuwa aiki.

Na zaro waya na nuna mata bidiyon wani ɗan siyasar ƙasar Holan. "Umma, duba. Mutumin nan ya yi ɗan majalisa, ya yi minista, amma a keke yake zuwa ofis. Ba jiniya, ba 'yan rakiya."

Ta gyara tabarau ta ƙura masa ido. "Miskin. Yana da mata?"

Na shiga bincike da ƙarfin gwiwata. Da na ga amsar, sai na kife wayar.

"Yalla, ina jin ka."

"Bai taɓa aure ba, Umma."

"Halas, magana ta ƙare."

Yanzu keken yana saman bene, lulluɓe da tsohon bargo. Ni na kawo shaida da hannuna, shi kuma ya kayar da ni.

Jama'a, duk wanda ya san ministan da ke da keke da mata, ya turo mini hotonsa kafin Juma'a.