Mai Goge Idon Kyamara

A wata masaƙa, wata dattijuwa tana tsaye gefen injin saƙa, tsumma a hannu, tabaraunta ɗaure da zare. Yadi na gudu, idonta na bin sa. Da ganinta, dā ita ce mai duba aibin yadi, kafin a kafa kyamarar da kwamfuta ke gani da ita. Ta hango zare ya tsinke, ta ɗaga hannu, amma injin ya riga ya tsayar da kansa. Ta sauke hannun a hankali.

"Inna, kyamarar ta yi ƙura," in ji shugaban sashen.

Ta kai tsumman kan idon kyamarar, ba ta dube shi ba. "Ni na koya mata gani. Yau ni ce mai share mata kwantsa."